Ranar da Unguwa Ta Ara Mana Arziki

Makon jiya da hantsi maƙwabcina kafinta ya yi sallama, shi da ƙaninsa, suna nishi da firiji a tsakaninsu. Suka ajiye, suka koma suka ɗauko talabijin, sannan suka turo babur. Ya ce, "Hajiya, don Allah ki ajiye mana zuwa jibi. Masu rajista za su shigo unguwa gobe." Na nuna musu ɗakin da ba kowa a ciki. Gwamnati ta sake fito da wani shiri na tallafa wa gidajen da ke da ƙananan yara, an kuma ce matasa za su bi gida-gida da waya a hannu suna duba abin da kowa ya mallaka. Ban yi wa mutumin nan wa'azi ba. Yaransa bakwai, aikin katako ya ja baya, firijin ma ya fi shekara rabonsa da yin sanyi. Amma da na fito ƙofa na ga layinmu na Albarika ya cika da kaya a bisa kawuna, wannan da fanka, wancan da kujera, kowa na neman inda zai ɓoye abin da yake da shi, sai na nemi wuri na zauna. Na taɓa ganin kaya suna tafiya haka a bisa kawunan mutane, a Djougou, ina yarinya. Sai dai a ranar ba fita da su ake yi ba. Shiga da su ake yi, kuma gidanmu ake kai su.

Gidanmu gidan saukar fatake ne. Kakan mahaifina ya zo garin da ayarin goro, ya zauna, ya gina ɗakuna a jere domin baƙi. Aikin maigida irin wannan shi ne ya sauki falke, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya a tsakaninsu har ciniki ya faɗa. Ba shi da shago, ba shi da gonar kirki. Jarinsa ɗaya ne: mutane su yarda cewa gidansa a tsaye yake. Ba wanda zai bar huhun goro a hannun mutumin da ake raɗe-raɗin yunwa ta shiga gidansa. Ni na buɗe ido na tarar da ƙarshen abin. Ina tuna ƙanshin ganye idan an kwance huhu, da sanyin ɗakin goro inda ba a barin rana ta leƙa, da yadda ake zaunar da mu mata mu bi goro ɗaya bayan ɗaya, mu ware mai tsutsa, mu yayyafa ruwa, mu sake lulluɓewa. Ina tuna ƙarar goro a bakin dattawa bayan la'asar, ƙas, ƙas, da hirar zaure da ake farawa da Hausa a ƙare da Dandanci, harshen kasuwar garin. Yanzu idan na je Djougou ba na jin wannan ƙanshin ko'ina. A buhu ake kawo goro, a sauke a tasha, a sayar a tsaye.

Manyan motoci ne suka fara cinye mu. Falken da a da yake kwana goma a wurinmu ya koma wucewa ta bakin gari a saman kamyo, wato motar kaya, idan ya hango Baba ya ɗaga masa hannu. Da aka sami 'yancin kai kuma, kowace ƙasa ta kafa shingenta da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, goro ya riƙa kwana a hanya har ya lalace. Ɗakunan baƙi suka zama na jemagu. Duk da haka kullum da safe Baba yakan sa a share su, ya sa babbar rigarsa guda ɗaya da ta rage, ya zauna a zaure kamar mai jiran ayari. Akwai sauran fatake biyu ko uku da ke sauka jefi-jefi, kuma a kansu muke rayuwa.

Mun koyi talauci kamar yadda ake koyon sana'a. Ranar da babu tsaba, Inna takan hura wuta duk da haka, ta ɗora tukunya da ruwa zalla, domin hayaƙi ya tashi a lokacin da yake tashi a kowane gida. Gwaggo, yayar Baba, wadda gidanta ke bayan namu, takan tare mu a ƙofa kafin mu fita ta ce, "Ku wanke fuska, ku shafa mai a ƙafa. Ba wanda zai leƙa cikinku." Maƙwabta sun sani, mu ma mun san sun sani, amma ba wanda ya taɓa furtawa. Sai dai ka ga an shigo da kwano a rufe, an ce, "Wance ta ce a ɗanɗana mata, wai tana jin gishiri ya yi yawa." Inna ta karɓa ta ce, "To, a gaya mata ta rage hannu." A kan wannan ɗanɗanon muka kwana sau da yawa. Mu manya mun iya jurewa. Wanda bai iya ba shi ne Auta.

Auta ne na shida a ɗakinmu, ni ce ta fari. An yaye shi da wuri saboda nonon Inna ya ƙafe, aka ɗora shi a kan tsinkakken koko wanda kake iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da farko yana kuka, mu yi ta jijjiga shi. Daga baya ya daina, kuma wannan ya fi kukan ban tsoro. Gashinsa ya yi ja ya tsinke, ƙafafunsa suka kumbura. Idan ka danna ƙwaurinsa da yatsa, ramin yakan zauna har ka gaji da kallo. Yakan wuni inda aka ajiye shi, ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore ba. An yi rubutu, an yi jiƙo. Inna ta san ba ciwon rubutu ba ne.

Ana cikin haka mai shela ya zaga gari da gangarsa. Ya ce sabuwar gwamnati ta kawo madarar gari da alkama da mai domin yaran gidajen da ba su da hali. Wanda yake so ya je ofishin kula da jama'a ya ba da sunan gidansa, wata ma'aikaciya za ta zo ta duba da idonta, idan ta gamsu a ba da kati, a riƙa zuwa kowane mako ana auna yaro ana ba shi rabonsa. A unguwarmu ba wanda ya ɗaga kai, kamar da wasu ake. Ni a lokacin ina lakwal, wato makarantar boko. Tun zamanin Turawa aka ce kowane gida ya ba da ɗa guda, Baba ya ga ba zai ba da namiji ba, sai ya ba da ni. Saboda haka ni kaɗai ce mai jin Faransanci a gidan. Inna ba ta kiran sunana, don kunyar 'yar fari. Ta same ni ina wanke-wanke, ta tsuguna kamar za ta taya ni, ta ce, "Ke, idan kin taso gobe, ki biya ta ofishin nan. Ki ba da sunan babanki. Kada ki bi ta kasuwa." Na je. Na tsaya a gaban tebur na faɗi sunan gidan da kakan Baba ya gina, wani mutum ya rubuta bai ko kalle ni ba.

Bayan kwana tara mai unguwa ya aiko cewa gobe da hantsi baƙuwar gwamnati za ta zo gidanmu. Baba ya shigo tsakar gida ya tsaya. Ya ce, "Wa ya kai sunana?" Ya dubi Inna, ya dube ni, ya daɗe yana kallon Auta a kan tabarma. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce a hankali, "To. Baƙuwa ce. Za a sauke ta yadda ake saukar baƙo a gidan nan." Ya juya ya koma zaure.

Kafin la'asar magana ta kai kunnen Gwaggo, daga nan kuma abin ya fita daga hannun kowa. Ta shigo tana tafa hannu. "Baƙuwar gwamnati? A kan wannan tabarmar da ɓera ya gama da ita? Ba dai a gidan ubana ba!" Inna ta ce, "Yaya, ai duba halinmu za ta zo yi." Gwaggo ta ce, "To ta duba mana! Mu ma za mu nuna mata." Ba na jin ta fahimci abin da ma'aikaciyar take nema, ko kuma ta fahimta sarai ta ga ba zai yiwu ba. A wurinsu, idan baƙo zai sauka a gidan wani, unguwa ce ke saukarsa. Haka ake yi wa surukai, haka ake yi wa manyan fatake, ba sai an roƙa ba. Washegari tun da sassafe kaya suka fara shigowa. Darduma daga gidan liman. Kujerun ƙarfe huɗu daga gidan wani tsohon soja. Jeren kwanonin tasa masu fure daga ɗakin wata amarya. Tela ya kawo rediyonsa a rungume kamar jariri, ya ce, "Babu batir, kada wanda ya murɗa." Gwaggo ta ce, "Wa ya ce maka waƙa za mu ji? Ɗora a taga inda za a gani." Mahauci ya jawo wani rago da zai yanka jibi, ya ɗaure shi a gindin bishiyar tsakar gida, ya ce a ba shi ruwa kawai. Aka sa mana kayan sallar 'ya'yan maƙwabta. Gwaggo ta yanka kazarta mai ƙwai, aka kirɓa sakwara. Ban taɓa ganin gidanmu da kyau irin na ranar ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na yi ta shafa zanen da aka ɗaura min.

Saura Auta. Gwaggo ta tsaya a kansa, muryarta ta sauka. Ta ce, "Ba a tarar baƙo da mara lafiya. Kawo shi wurina har ta tafi." Inna ta rungume shi ta ce, "Saboda shi aka kira ta." Gwaggo ta ce, "Ki leƙa waje ki gani." Inna ta leƙa. Rabin unguwa na ƙofar gida, yara a kan katanga, a cikin zaure kuma akwai falke ɗaya daga cikin ukun da suka rage mana, wanda ya sauka daren jiya da huhu shida. Ta dawo ta ba Gwaggo yaron, ita kuma ta miƙa shi ga mutanen gidanta ta kan katangar baya.

Ma'aikaciyar ta iso a kan ƙaramin babur. Matashiya ce daga kudu, siririya, da jakar takardu a rataye, ba ta jin Hausa ba ta jin Dandanci. Muka kira ta madam. Aka zaunar da ita a kujerar soja, aka tsayar da ni a gefenta in yi tafinta. Ta ce ba ta cin abinci a bakin aiki. Baba ya ce in gaya mata ba a tambayar maigida komai sai an ci tuwonsa. Ta yi murmushi, ta wanke hannu, ta ci kaɗan. Ƙannena suna tsaye a jere suna bin kowace loma da ido, Gwaggo tana harararsu daga bakin madafa. Sannan madam ta buɗe takarda. Tambayoyin a jere suke, kowace da ɗan akwati a gabanta. Rufin gida, kwano ne ko ciyawa? Ta ɗaga kai ta ga kwanon da kakana ya sa, wanda yake yoyo ta wuri goma sha, ta yi alama. Akwai rediyo? Ta gan shi a taga. Akwai dabba? Ragon mahauci ya amsa da kansa, har mutanen kan katanga suka yi dariya. Sau nawa ake dafa abinci a rana? Na fassara. Baba ya gyara rigarsa ya ce, "Gaya mata ba a sauke tukunya a gidan nan." Na gaya mata. Yara nawa? Shida. Ta ƙirga biyar. Baba ya ce ƙaramin yana wurin gwaggonsa. Akwai mara lafiya a cikinsu? Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ta tambaye ni ma'anar wannan, na ce yana gode wa Allah ne. Ta yi alama a akwatin da ya fi kama da godiya.

Baba ya raka ta ƙofa da ƙullin goro a hannu. Ta hau babur, ta sa ƙafa za ta tayar, sai ta fasa. Ta yafito ni. Ta sunkuyo ta yi magana ƙasa-ƙasa da Faransanci. Ta ce, "Yarinya, wa ya kai sunan gidan nan ofis?" Na ce ni ce. Ta ce, "Me ya sa?"

Na sha auna wannan lokacin a raina, kuma na san tsawonsa bai wuce numfashi uku ba. Ba wanda yake jin harshen da muke yi sai mu biyu. Da na ce mata rago na mahauci ne, rediyo na tela ne, ƙanena yana bayan katangar can ƙafarsa a kumbure, ba mai ganewa. Amma na san abin da zai biyo baya. Za ta sauka daga babur, ta koma ciki, ta ce a kawo yaron. Za a ɗauko shi a gaban liman da mahauci da falken nan mai huhu shida. Baba yana tsaye taku uku daga gare ni, yana murmushin da na san ya sha wuya kafin ya haɗa shi. Na ce, "Kuskure na yi, madam. Ban gane shelar ba." Ta dube ni ta daɗe. Ta ce katunan ba su da yawa, akwai yaran da ke mutuwa a garin nan, kada in ƙara wasa da irin wannan. Ta zaro takardar ta ja layi a kan sunanmu, ta karɓi goron, ta tafi. Kafin azahar kowa ya zo ya ɗauki kayansa. Aka tuɓe mana kayan salla. An ba Auta romon kazar, bai zauna masa a ciki ba.

Ban taɓa ganin laifin matar nan ba. An ba ta abu kaɗan an ce ta raba wa masu yawa, an ba ta takarda an ce ta gaskata idonta, ta kuma yi ƙoƙarin wuce takardar, ta tambaya. Daga baya na yi shekaru masu yawa a gidan rediyo, ina juya sanarwar hukuma daga Faransanci zuwa Hausa ina karantawa. Na yi wa farar hula, na yi wa soja, na yi a zamanin da kowa ya zama ɗan juyin juya hali, na yi bayan an daina. Kowace gwamnati ta zo da shirinta na yara: madara, abincin rana a lakwal, awo, riga-kafi, sabon kati mai sabon launi. Wasu sun yi amfani, ba na musu, na ga yaran da suka tashi a kansu. Wasu kuma sun ƙare ranar da jirgin da ke kawo buhunan ya daina zuwa. Na karanta su duka da murya ɗaya, a natse, ina ba kowace kalma haƙƙinta, don haka aka koya min. Amma duk sanarwar da na ɗauka, idan na kai ƙasa sai in tarar da sharaɗin nan yana jirana: mabuƙaci ya je ya bayyana kansa. Sai in ga zaurenmu. Waɗanda ke tsara takardun a babban birni ba mugaye ba ne, ba su dai taɓa zama a gidan da ake dafa ruwa don a rufa asiri ba. Na taɓa faɗa wa wani babba haka a wurin taro. Ya rubuta a littafinsa, ya gode min, aka tashi shan lemo.

Kwana biyu bayan zuwan madam, Inna ta sami Baba a zaure bayan falken ya fita. Ina share ɗakin baƙi, ina jinsu. Ta ce, "Malam, ka ga ƙafar yaron nan yau?" Ya ce ya gani. Ta ce, "Ka taɓa?" Sannan ta ce, "Zan kai shi Parakou wurin yayana. A can ma ana rabon. Kuma a can ba wanda ya san gidan kakanka." Ya ce, "Ki ce ziyara za ki." Ta ce, "Zan ce."

Muka hau kamyon doya, ni da ita da Auta a goye. Kawu lebura ne a tashar jirgin ƙasa, ɗakinsa guda, ya ba mu ya koma kwana wurin abokansa. Washegari muka bi layi a ofishin Parakou tun rana ba ta yi zafi ba. A nan Inna ba ta ɓoye komai ba. Ta kwance goyo, ta ɗora yaron a kan tebur, ta danna ƙwaurinsa a gaban akawu don ya ga ramin. Akawun ya kau da kai. Ya tambayi unguwarmu, na ce daga Djougou muke. Ya ajiye alƙalami. Ya ce rabon Parakou na yaran Parakou ne, na Djougou yana Djougou, mu koma a zo gida a duba mu. Na ce an riga an zo. Ya ce to me aka ce? Na faɗa masa. Ya buɗe hannuwansa biyu ya ce ba shi ya yi dokar ba, ya kira na bayanmu.

A ƙarƙashin mangwaron da ke ƙofar ofis wata mata ta biyo mu. Bazawara ce daga cikin Bargawa, mutanen ƙasar, mai sayar da koko a unguwar Kpébié. Ta girmi Inna. Ta yi mata magana da Dandanci. Ta ce ta ji komai. Ta ce an riga an je bukkarta an duba, ba a sha wahalar gamsuwa ba, tana karɓa wa jikarta. Sai ta ce, "Ba ni shi. A wurinmu ba lallai wadda ta haifa ce ke reno ba, ba wanda zai yi mamaki. In kai shi a matsayin ɗan riƙona." Inna ta ce, "Sai in riƙa kawo shi ranar awo?" Matar ta girgiza kai. "Suna zuwa gida ba sanarwa. Idan ba su gan shi a tabarmata ba, su karɓe har na jikata. A wurina zai kwana, sunan da na ba su shi zai amsa." Inna ta tambayi har yaushe. Ta ce, "Har ya yi ƙafar gudu. Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi." Muka bi ta har Kpébié. Bukka ce ta ciyawa, da tukunyar koko, da tabarma ɗaya, a share tas. Inna ta zauna da shi a cinya har inuwa ta juya. Sannan ta miƙa shi, ta naɗe zanen goyon ta riƙe a hannu. Ba ta yi kuka ba har muka sauka a Djougou.

Damina biyu suka wuce. Kawu yakan aiko da saƙo ta bakin direbobi: kumburi ya saɓe, ya fara rarrafe, ya tashi, ya fara ɓarna. Baba ya haƙura da jiran ayari, ya fara bin kamyo da kansa yana saro goro kaɗan-kaɗan, tukunyarmu ta koma dafa abin da ake ci. Wata rana ya sa tela ya ɗinka 'yar riga da wando da hula, ya ce in shirya in nuna masa gidan matar nan ta Kpébié, za mu ɗauko yaro.

Mun same su da hantsi, matar tana kwasar koko. Wani yaro mai kumatu, baƙin gashi cunkus a kansa, yana bin kaza da kara yana ihu da Barganci. Ban gane shi ba sai da matar ta kira shi da sunan da ban taɓa ji ba. Da ya ga baƙo mai babbar riga sai ya ruga ya shige bayanta, ya riƙe zanenta da hannu biyu. Baba ya gaishe ta, ya yi godiya mai tsawo irin ta masu saukar baƙi. Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Naka ne. Ban riƙe maka shi don in hana ka ba." Ta jawo yaron gaba. Baba ya tsuguna, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mace ba. Ya ce, "Zo, Auta. Zo wurin Baba." Yaron ya dubi matar, ya tambaye ta wani abu, ta amsa masa a taƙaice. Baba ya miƙa hannu ya kama ƙwaurinsa, ya danna da babban yatsa, ya ɗaga. Naman ya dawo nan take. Ya sake dannawa a ɗaya ƙafar. Yaron ya fizge ya fashe da kuka mai ƙarfi, irin na ƙoshin lafiya, ya maƙale a wuyanta.

Baba ya daɗe a tsugune. Ya tambaye ta ko har yanzu ana ba su madarar. Ta ce ana bayarwa, wani mako a samu, wani mako a ce mota ba ta zo ba, amma yanzu yana cin duk abin da aka ci. Ya miƙe, ya ajiye ƙullin kayan a kan tabarmarta. Ya ce, "Ki riƙe shi. Ke ya sani." Ta ce, "Ka tabbata?" Ya ce, "Ranar da aka zo tambayarsa a gidana, cewa na yi ba ya nan."

Muka koma tasha. Muna zaune a kan buhuna muna jiran kamyo ya cika, ya ɓare goro ya riƙe rabin a hannu bai ci ba. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Idan an tambaye ki a gida, ki ce mun ba da shi karatu a Parakou."

Muna sauka Gwaggo ta tare mu a bakin layi, mata uku a bayanta, tana leƙa bayan Baba. Ta ce, "Ina yaron?" Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ta dube ni, ta dubi ƙaninta. Sannan ta juya wurin matan ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Kun ji ko? Karatu! Allah ya ba da sa'a." Suka ce amin.